Hannun da Bai Jefa Kwalba Ba

Zuwa ga Baffana, Haji Tompo, a Tawau.

Baffa, yaushe rabon da ka ambaci sunan Yaya Sangkala da bakinka? Na san ba haka ake buɗe wasiƙa zuwa ga ƙanin uba ba. Ka yi haƙuri, bakina ne ya riga ladabina fita kamar yadda ya saba. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana lafiya kai da Goggo Bollo da yaran gida, Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a kasuwarka. Mu nan tsibiri da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Iskar yamma ta sauko, jirage duk an ja su kan yashi. Idon Inna ya ƙara dushewa, yanzu da murya take gane mai shigowa. Basse matar Yaya tana shanya kifin mutane ana ba ta na miya. Ƙaramar 'yarsu Tene ta zubar da haƙori, ta ƙulle shi a tsumma wai sai babanta ya gani kafin ta jefa shi saman rufi. Na zaɓi takarda ne domin duk sanda na kira ka na fara zancen kotu sai layin ya lalace, ita kuwa takarda ba ta san lalacewar layi ba.

Abin da hukuma ta ji, kai ma shi ka ji. Jirginka ya fita kamun kifi da kwalba mai fashewa, wadda ake cusa wa taki da kananzir da lagwani, kamar yadda rabin tsibirin nan ke yi a ɓoye. An jefa ta farko, Sattu ma'aikacin jirgin ya yi nutso da tiyon iska a baki yana kwasar kifin da ya mutu, sai wani ya hango wani garken ya yi gaggawar jefa ta biyu. Aka fito da Sattu jini na zuba ta kunne da hanci, bai kai gaɓa ba. Da 'yan sandan ruwa suka zo, Yaya ya miƙe ya ce shi ne ya jefa. Baffa, kai ka kai shi wurin mai ɗori ranar da hannun tayar da inji ya karya masa kafaɗar dama. Tun daga lokacin ko koma bai sake jefawa ba, hularsa ma da hagu yake sawa. Ya ce musu da hagun ya jefa, mutumin da ko ƙwallon mangwaro ya jefa da hagu sai kaji su yi masa dariya. Sauran ma'aikatan jirgin duk suka zama kurame. Mu kuma aka ce mana ɗanka Rahing yana Makassar ran nan yana neman kayan inji, muka yarda, don ba mu da dalilin ƙin yarda.

Yanzu bari in ba ka labarin matar da ke tsaye wa Yaya, tunda ka ce wa Inna lauya duk ɗaya ne, kowanne bakinsa na haya ne. Ni ma haka na ɗauka. Sunanta Ibu Rosmini. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a saman shagon mai faci, kana hawa kana shaƙar ƙonannen roba. Ran da na fara zuwa na shiga da faɗa, na ce mata ba mu zo a yi cinikin ɗan'uwana kamar buhun shinkafa ba, na karanta yadda irinsu ke yi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta turo mini farantin soyayyar ayaba, ta ce in zauna in ci, yunwa ce ke wa'azi ba ni ba, in na ƙoshi sai malam mai littafi ya ci gaba da huɗuba. Da harshenmu na tsibiri ta faɗa, har da irin jan muryar tsofaffinmu. Ashe 'yar masunta ce. Ubanta kwalba ce ta cinye masa yatsun hannu, ita ke ba shi abinci a baki kafin ta tafi makaranta, in ta taso kuma ta zauna fiɗar kifi a kasuwa. Har yau in ka dubi tafinta za ka ga sawun wuƙa.

Ba da kare masu laifi ta fara ba. Ta daɗe tana mai gabatar da ƙara, ita ke neman a ɗaure mutane, kuma ta ce ta iya aikin har ana yabonta. Wata rana aka kawo wani dattijo da ya ce shi ya sare maƙwabcinsa a rikicin gona. Ya amsa laifi tun kafin a gama tambaya, ta ji daɗi, shari'a ta zo da sauƙi, aka ɗaure shi. Ya mutu a gidan yari. Bayan shekaru sai ga surukinsa ya zo har gidanta yana kuka, ya ce shi ne ya yi saran, tsohon ya rufa wa 'yarsa asiri ne kada ta rasa miji. Ta ce daga ranar ta kasa tsayawa a wancan gefen ɗakin kotu. Ta ce tun lokacin duk wanda ya yi saurin cewa ni ne, ba bakinsa take kallo ba, bayansa take leƙawa ta ga wa ya tsaya ya kare.

Na raka ta gidan yari ganin Yaya na farko. Na zaci za ta buɗe jaka ta fara jero tambayoyi. Sai ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta kira shi Daeng kamar wani babban mutum, shi da gandurobobi ke kira da lamba. Ba ta tambaye shi ko shi ya jefa ba. Ta tambaye shi ko shinkafar gidan tana ciyuwa, ko sauro na barinsa, wa ke yanke wa Inna farce yanzu. Ta miƙa masa kofin shayi ta gefen dama, ta ga yadda ya karkato jiki duka ya karɓa da hagu. Sannan ta ce masa ita tasa ce, ba ta Inna ba, ba ta ƙaninsa mai surutu ba, ba ta duk wanda zai aiko da kuɗi daga ƙetare ba. Abin da ya faɗa mata da shi za a binne ta, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ba za ta tsaya gaban alƙali ta yi ƙarya dominsa ba, kuma ba za ta buɗe masa baki da ƙarfi ba. Daga nan ta ce in fita in sha iska. Ni ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kore ni! Na tsaya a rana ina zaginta a zuci. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce ƙura ce.

Ta nemi izininsa ta kawo likita ya duba kafaɗar a gaban kotu. Ya ƙi. Ta koma, ta sake komawa, ta bayyana masa cewa mai gabatar da ƙara shekara goma sha biyu yake nema, Tene za ta yi aure ba ya nan, Inna kuwa Allah kaɗai ya sani. Ta faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa a ganinta kuskure yake yi. Ya ce ya ji, ya gode, a bar kafaɗarsa ta huta. Na same ta na ce ta rabu da shi ta kawo likitan kawai, ai ita ce mai ilimi, shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Ta ce mini ran da ta fara yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa don ta fi shi karatu, ta koma tsohon aikinta ke nan, riga kawai ta sauya. Wai shekarun nasa ne, shi zai zauna su, ba ita ba, ba ni ba. Wallahi Baffa na tsane ta ran nan.

Akwai abin da ba wanda zai faɗa maka a waya. Ran zaman da ya wuce, Sunggu matar marigayi Sattu ta zo kotu goye da autansu. Ta tsaya gaban ƙarfen da ake tsare masu jiran shari'a, mutane suka ja baya suna jiran ta tofa masa yawu. Sai ta ce masa a hankali, Daeng, ya ɗaga hannun da ya kashe mata miji ta gani, sau ɗaya kawai, ya ɗaga shi sama da kansa ta yafe masa duniya da lahira. Yaya ya sunkuyar da kai. Ta jira, ta jira, sannan ta ce Allah ya isa tsakaninta da mutanen tsibirin nan, an kashe mata miji kuma an hana ta sanin wa za ta yi fushi da shi. Ibu Rosmini ce ta kama ta ta zaunar da ita, ta sayo wa yaron ruwa.

To ga inda ka shigo, Baffa, kuma da hannunka ka buɗe ƙofar. Da Rahing ya fasa wa ɗan dako haƙori a tashar jirgi aka aiko masa da sammaci, kai ka kira Inna ka ce Jumaing ya kai shi wurin lauyar nan tunda an ce tana da kirki. Na kai shi. Ka san wace ce na kai shi wurinta? Matar da ta tsaya wa wanda ya sace akwatin sadakar masallaci. Ta tsaya wa wanda ya daɓa wa mahaifiyar matarsa wuƙa, alhali unguwa duka na jifan motar da ta kawo shi. Mai facin da ke ƙasa yana yi mata tsiya cewa ko Iblis ya hawo benen nan sai ta ba shi kujera da ayaba. Muka shiga, na ce ga ɗan Baffana, Rahing. Ta ɗago kai ta dube shi, fuskarta ta canja kamar an ɗauke wuta. Ba ta turo faranti ba. Ta ce kada ya faɗa mata komai game da kansa, ko kalma ɗaya, ba za ta iya riƙe shari'arsa ba, ga wani lauya a bayan kasuwa, mutumin kirki ne, ya je can. Rahing bai tambayi dalili ba. Abin da ya fi tsaya mini ke nan. Mutumin da ke faɗa da mai shayi a kan sukari, an kore shi bai ce uffan ba, ya sauka yana haɗa gumi, har ya manta takalminsa ɗaya a bakin ƙofa.

Ka san an cire ni daga makaranta da wuri, amma ba a cire ni daga karatu ba. A cikin tsofaffin littattafan da nake tsinta a kasuwa na taɓa ganin cewa lauya ba ya riƙe mutum biyu idan tsirar ɗaya ita ce halakar ɗayan. Me ya haɗa haƙorin ɗan dako da shari'ar Yaya? Babu. Sai dai mutumin. Na koma na tsare ta, na ce Rahing ne, ko ba shi ba ne? Ta ce bakinta na Sangkala ne, in je in tambayi mai shi. Na ce ai kin riga kin faɗa. Ta ce ta yi ta neman hanyar da za ta sallame shi ba tare da mai ido ya gane ba, ba ta samu ba, kuma za ta je ta nemi gafarar Yaya a kan haka. Ka ji fa, Baffa. Baƙuwa tana neman gafararsa don asirin da ya ba ta ya ɗan tsage, mu kuma danginsa muna cin kifin jirgin muna barci.

Na je wurin Yaya na faɗa masa na gane. Bai musa ba, bai amsa ba. Ya ce ran da teku ta riƙe Baba, kai ka ɗauke mu, kai ka koya masa tuƙi, kai ka tsaya masa ya auri Basse, kuma ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ka. Ya ce bai taɓa samun abin da zai saka maka da shi ba sai yanzu. Na ce ko kai ka roƙe shi, ya ce ba ka roƙa ba, ba ka kuma hana ba. Ya ce in har ka ce masa da bakinka ka sauke masa wannan nauyin, zai bar Ibu Rosmini ta kawo likita. In ba ka ce ba, a bar shi. Ban manta alherinka ba, Baffa, shinkafarka ce ta zama ƙashin jikina. Amma ban san riƙon maraya ana biyansa da shekarun maraya ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, na sani, Rahing ɗanka ne. To Yaya hannun wa ne?

Zaman kariya na ƙarshe yana tafe bayan Mauludi. Ibu Rosmini ta ce in ba abin da ya sauya, abin da ya rage mata shi ne ta roƙi sassauci, ta ce mutum ne mai ladabi, bai taɓa laifi ba, yana da uwa makauniya. Ba za ta ce shi ya jefa ba, ba kuma za ta iya faɗin wanda ya jefa ba. Likitan ma ta riga ta yi magana da shi, yana jiran kira kawai.

Ka gaishe mini da Goggo Bollo, ka ce mata Inna ta gode da man zafin da ta aiko. Ka gaida Yaya Nurung da mijinta da jaririnsu, Allah ya raya. Ka gaida Daeng Rewa mai shago da duk mutanenmu da ke can. Inna tana gaishe ka, ba ta san abin da na rubuta ba, ta ɗauka gaisuwa ce zalla. Basse ba ta ba ni saƙo ba.

Kada ka amsa mini a waya, kada kuma ka aiko wani ya shafa mini kai. Ba ni kaɗai ke da tambayar ba. Juma'ar ƙarshe kafin zaman kotun, in an sallame, zan miƙe a masallacin tsibiri in kira lambarka, in kanga wayar a bakin lasifika. Liman zai ji, ma'aikatan jirginka za su ji, Sunggu za ta ji daga sahun mata. In ka ga dama ka zo da ƙafarka, ya fi. Ka faɗa wa jama'a ina Rahing yake safiyar da Sattu ya mutu, kuma ka faɗa ko ka sauke wa Sangkala ko ba ka sauke ba. In layin ya sake lalacewa, kowa zai ji lalacewarsa.

Ɗanka,
Jumaing