Washegarin Ba da Jini

Zing

Zuwa ga ɗiyata Keziah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya. Mamanki tana gaishe ki.

Ban kira ki ba, domin maganar ta fi ƙarfin waya. Ranar Lahadi bayan sujada wata mata ta nuna mini fuskarki a wayarta, kina kiran mutane su zo makarantarku su ba da jini. Wai ƙungiyarku ta ɗalibai ce ta sa ki. Keziah, karatu na tura ki Jalingo ko tallan jini? Kowa a nan ya san wanda aka ɗebi jininsa ba ya sake ɗaga garma. Ki cire fuskarki daga wayoyin mutane, ki fita daga ƙungiyar. In kin ƙi, ki tattara kayanki ki dawo gida.

Babanki,
Zacchaeus

Jalingo

Baba,

Na durƙusa na gaishe ka. Yaya gona, yaya Mama?

Ba wanda ya sa ni. Mahbuba, wadda muke ɗaki ɗaya, tana da sikila. Ranar da ciwon ya tashi, na ga yayanta yana bin 'yan keke-napep a ƙofar asibiti yana roƙon jini. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na karɓi aikin yaɗa labaran ƙungiya.

Da farko mun yi shirme. Muka tsara hoto da Turanci mai nauyi muka sa a Facebook, aka yi ta yabawa, ranar taro kuwa kujeru suka fi mu yawa. Sai na shiga unguwannin Barade da Mayo Gwoi ina tambayar mutane dalili. Baba, duk maganarka suka faɗa, har da garmar!

To, mun daina gardama. Duk wanda ya ba da jini, washegari sai mu bi shi wurin aikinsa mu ɗauki gajeren bidiyo, ya yi magana da yarensa, Mumuye ko Fillanci ko Jukun. Sai mu tura wa zumuntar mata, da 'yan keke, da matasan masallatai a WhatsApp. Su ke yaɗawa da kansu.

Na tura ɗaya wayar Mama. Ka kalla, don Allah. Babban taronmu Asabar ɗin ƙarshen wata ne. In zauren bai cika ba, da ƙafata zan dawo. Amma zai cika.

'Yarka,
Keziah

Zing

Keziah,

Bayan gaisuwa, na kalla. Manga ne! Manga da muka taso tare, wanda ban taɓa barin bayansa ya rabu da ƙasa ba a kokawa. Shi ne yake sauke buhunan masara a kasuwa yana cika baki wai jiya ya ba da jini.

Ni ba yaro ba ne. Wa ya ce ba kafin a ɗebi jinin kuka ɗauki hoton ba? Na san Manga, ko ba waya yana iya ƙarya. Maganata tana nan. Mamanki ta share miki ɗaki.

Babanki,
Zacchaeus

Jalingo

Baba,

Ina gaisuwa da kyau. Na karanta tambayarka a taron ƙungiya, shugabanmu Sajo ya dafe kai. Ya ce, "Kai, Baban nan ya kama mu fa! In shi ya yi tunanin nan, rabin Taraba ya yi."

Mun gyara. Yanzu muna fara ɗauka tun allura tana hannun mutum, sannan washegari mu nuna shi a bakin aiki kai tsaye, masu kallo suna yi masa tambaya yana amsawa. Wata mai tuyar ƙosai a unguwar Sarkin Dawaki ta yi nata jiya, yau ƙawayenta sun cika mini waya.

Ka ce wa Mama kada ta wahala da shara. Baba Manga kuma ya ce in gaishe ka, wai tsoron allura ne ke damunka. Ni dai saƙo na isar.

Taka,
Keziah

Jalingo, Asabar

Keziah,

A bakin zaurenku nake rubuta wannan, zan bar wa Sajo. Layin ya kai har ƙofar makaranta. Kin wuce ta gabana da wayarki kina ta ba mutane umarni, ba ki gane ni ba saboda malafa. Ban kira ki ba, amma na ji daɗi a raina.

Ni ma sun ɗebi jinina. Na sa Sajo ya ɗauka tun allura tana hannuna. Na ga Mahbuba kuma, ita ta miƙo mini lemo.

Gobe Lahadi ce, ba na aiki, saboda haka washegarina Litinin ce. Ki zo gona da sassafe da wayarki, zan yi kunyoyin doya, da Mumuye zan yi magana. Ki tabbata Manga ya gani.

Kada ki zo da akwati. Da yamma za ki koma makaranta.

Babanki,
Zacchaeus