Jar Motar Surukina da Motar da Na Zana

Anti Hajjo, don Allah ki taimake ni. Amma gara in faɗa miki tun farko cewa na riga na yanke abin da zan yi, so nake dai wani babba ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba.

Komai ya canja mini ne wata ranar Laraba da maigidana, Munkaila, ya ɗauki littafin da nake karantawa zai kashe sauro da shi. Shekararmu ta biyu ke nan a Guangzhou. Shi tun safe yake fita kasuwannin Liwan, ni kuwa ina can saman bene, ba ni da abokan hira sai littattafan soyayya da na cika jaka da su daga Kano, kowanne na karanta shi har ya yi laushi. Kin san samarin cikinsu ba sa zuwa zance sai a mota, kuma marubutan ba sa cewa komai a kanta sai dai haɗaɗɗiya ce. Ni sai in rufe ido in gan ta, in zana ta a bayan bangon littafin. To ranar ya ɗaga littafin, idonsa ya faɗa kan zanen, sauron ya tsira.

Mahaifinsa, marigayi Alhaji Tankari, ya yi suna ne da sayar da motar feda ta yara, jar nan mai siffar motar tsere, mai zagayayyun fitilu da faffaɗan baki da tauraro a hanci. Masu hoto suka yi ta saye, duk Sallah ana ɗora yara a ciki. Ni kaina akwai hotona a cikinta ina kuka, ɗankwalina ya fi ƙarfin kaina. Inda ake ƙera ta ya daɗe da rufewa, kuma abin da ya kawo mu nan ke nan, a samu wanda zai sake yin ta.

Munkaila ya kai zanena wata masana'anta a bayan gari. Mai wurin, wanda kowa ke kira Loban, wato maigida da yarensu, ya sa aka sassaƙa shi da katako, aka yi masa fenti. Ranar da aka kai ni na gani, Anti, ga ta nan a tsaye, mai dogon hanci, ta kwanta ƙasa ƙasa, fitilunta sirara kamar idon da aka ja wa kwalli. Abin da yake cikin kaina ni kaɗai, yau ga ma'aikata suna zagaya shi suna shafawa. Kuma ban yi rashin kunya ba, na bar mata jan launin Baba, na bar mata tauraronsa.

Aka aika hotonta Kano wurin Yaya Ma'azu, wan maigidana, mai riƙe da shago. Ya bugo waya ya ce wannan ba motar Baba ba ce, motar 'yan littafi ce. Ya ce a mayar da fitilun, a mayar da bakin, a mayar da komai. Munkaila, wanda ya yi ta yabon zanen har a gaban abokansa, nan take ya amsa da to. Aka sassaƙa ta biyu. Tsohuwar ce sak, an shafa mata sabon fenti, kamar kakata ta ci kwalliyar amare.

Ba raina marigayi nake ba. Amma shi da ya kawo waccan motar, ai ba ta kakansa ya kwaikwaya ba, sabon abu ya kawo, shi ya sa aka so ta. Yaran yanzu motocin da suke gani a talabijin daban ne. Don me za a ce iyakar biyayya ita ce a yi ta maimaita abu ɗaya? Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba wanda ya ce zanen ba shi da kyau. Wadda ta zana ce ba a so, 'yar zaman ɗaki mai karanta soyayya.

Ga inda maganar take. A nan ba sa yanka ƙarfen da za a riƙa buga motar a ciki sai an buga jan hatimin kamfani a jikin samfurin katakon da aka zaɓa. In an yanka kuwa shi ke nan, Loban da kansa ya girgiza hannu ya ce babu gyara. Hajiyarsu ta kwanta rashin lafiya, Munkaila ya tafi Kano ba shiri. Ya bar mini hatimin, ya ce ranar Alhamis in je tare da maƙwabciyarmu Habsatou 'yar Maraɗi in buga wa ta biyun, don kaya su isa kafin Sallah. Loban ba ruwansa da wacce na zaɓa, hatimi kawai ya sani.

Na san ran Munkaila zai ɓaci, na san Yaya Ma'azu na iya cewa a mayar da ni gidanmu. Duk na auna. Ranar Alhamis zan je, kuma tawa zan buga wa.

Mai Zane, Guangzhou

AMSA

'Yata Mai Zane, saƙonki ya iso ta na'urar faks, na kuma mayar miki da wannan amsa ta wannan hanyar tun kafin Alhamis ɗin. Na fito da ita a jarida ne don ba ke kaɗai ba ce.

Ni ma akwai hotona a jar motar nan, sai dai ni a gefe nake tsaye, 'ya'yana ne a ciki. Kina da gaskiya, abin da aka gada in ba a taɓa shi sai ya zama kayan ajiya, kuma Munkaila bai kyauta ba da ya janye bai kare ki ko da kalma ɗaya ba. Baiwarki ta gaske ce, kada kowa ya sa ki ji kunyar inda kika samo ta.

Amma ki ji ta Ma'azu. Yaro ne zai hau, uba ne zai saya, kuma uban da ya zauna a cikinta yana ƙarami fuskarta zai nema. Ja da tauraro kowa na iya sakawa. Fitilun nan zagayayyu su ne fuskar. Sannan ga tambayar da ban ji kin yi wa kanki ba: kujerar tsohuwar tana ɗaukar yara biyu, shi ya sa masu hoto suka so ta, wa da ƙane a hoto ɗaya. Taki mai kwanciya ƙasa tana ɗauka? In ba ta ɗauka, kin rasa manyan masu sayenki tun ba a fara ba.

Hatimi kuwa amana ce. Mutumin da hankalinsa ke kan mahaifiyarsa ya miƙa miki shi don bai da wanda ya yarda da shi kamarki. In kika buga a ɓoye, ko da motar ta karɓu, duk lokacin da ya gan ta abin da zai tuna ke nan, kuma ba zai sake barin wani abu a hannunki ba. In ba ta karɓu ba kuwa, an samu hujjar rufe bakinki har abada.

Ban ce ki buga wa ta biyun ba. Hannunki ne, kina da ikon cewa ba za ki iya ba, amma a fili. Yau ki zauna ki sake zane, ki bar mata dogon hancinta da kwanciyarta, ki mayar mata da fitilun Baba da kujera mai ɗaukar biyu. Ki je ke da Habsatou ki roƙi Loban ya ɗan jinkirta. Sannan ki buga wa mijinki waya, ki fara da tambayar jikin Hajiya, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini ba ragi. Ki nemi ya ajiye hoton sabon zanenki da na ta biyun a gaban masu hoto biyu ko uku na Kano ba tare da an ce wa ya zana wanne ba, abin da suka zaɓa kowa ya haƙura, har ke. In ya dage a kan ta biyun duk da haka, ki bar masa hatiminsa ya zo ya buga da hannunsa, ke kuma ki ci gaba da zane.

Ki sayi takarda mai kyau, bayan bangon littafi ya yi miki kaɗan. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sanya albarka a hannunki, ya bar ku tare.

Anti Hajjo