Lambar Tankari Ta Kama

Dogon Dutsi, ƙarshen damina

Zuwa ga yayana Gado,

Gaisuwa da addu'a. Allah ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kai maka takardar nan, kuma ko kana raye da sai an nemo wanda zai karanta maka. Amma kai na saba kawo wa labari in na dawo daga hanya, har yau kuwa ban sami wanda zan kai wa ba.

Bari in fara da abin da za ka fi son ji. Ɗanka Tankari yana nan lafiya. Matarsa lafiya, jaririyar da suka samu bayan rasuwarka ita ma lafiya. Agana ta shiga garinmu ta fita, ba ta taɓa gidanka ba. Sauran zan bi maka shi daki-daki, ka san halina.

Ka tafi ka bar rumbu da ɗan abin da bara ta bayar. Kafin ruwan shuka ya sauka an share shi, kuma ba gidanka kaɗai ba, duk unguwa haka. Tankari ya raba yininsa biyu. Da safe yana ƙodago a gonar wani ɗan kasuwa na Kore Mairuwa, a biya shi da tiyar hatsi, da ita matarka Dije take ɗora tukunya. Da yamma ya shiga gonarka da abin da ya rage masa na ƙarfi.

Ana tsakiyar noman fari aka ji agana ta ɓulla wajen Dogon Kiriya. Likita ya aiko masu lamba, wato tsagar rigakafi, aka yi shela kowa ya sake, har wanda aka yi wa tun yana yaro, domin ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Ni a nan aka sake mini tare da ƴan lakwal, makarantar da nake koyarwa. Dantsena ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni, alli ma da ƙyar nake ɗagawa. Na rubuta haka a littafina kamar yadda nake rubuta komai, amma gonar kowa ba ta faɗo mini a rai ba.

Da aka ba mu hutun damina na zo gida. Ranar kasuwar Kore Mairuwa na tsaya kusa da rumfar masu lamba. Gardi, dogarin gwamnati, yana tattaro mutane, suna miƙa dantse ba gardama, ana tsaga musu ana shafa maganin. Na ji daɗi, na ce ashe mutanenmu sun waye. Sai na zagaya bayan rumfar mahauta, na tarar da su a tsugune. Wani yana goga lemun tsami a yankan, wani toka, wani ya ba abokinsa yana tsotse masa yana tofarwa, duk don kada ta kama. Tankari yana cikinsu da ɓarin lemu a hannu.

Na yi masa faɗa a hanya, faɗan da nake yi wa yara a aji. Ya bar ni na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, Baba, ba aska nake tsoro ba, ga tabon ta farko nan. Ya ce in hannu ya kumbura wa zai karɓo tiyar gobe, wa kuma zai shiga gona. Ya ce agana ko ta zo ko ba ta zo ba, ciyawa kuwa ta riga ta zo.

Me zan ce masa, Yaya? A gari, mu masu takalmi, cewa muke yi jahilci ne, ko tsoron ɓata wa iskoki rai. Wanda ke gabana ba jahili ba ne, magidanci ne da bakuna huɗu a wuyansa. Da kai ne, da wace magana za ka yi masa? Na yi ta neman muryarka ban samu ba.

Hatsi ina iya aunowa, na kuwa auno, wannan ya ɗauke masa ƙodago na ɗan lokaci. Gona ce ta rage, kuma kowa yana fama da tasa. Sai na shiga ɗakinka na sauko da hauyarka.

Dije ta yi dariya har ta zauna a turmi. Ta ce ashe ƙaramin maigidan nata ya tuna hanyar gona. Ta ce in tafi da alli in koya wa ciyawa karatu, ko za ta gudu kamar yadda yaran gari suke gudu. Da ta ga da gaske nake, sai ta daina dariya, ta ce in yaron nan ya yarda ita ba ta da ta cewa. Har yau ba ta kama sunansa, kamar yadda ka bar ta.

Tankari ya yarda. Da kasuwa ta zagayo na raka shi aka sake tsaga masa, na zauna da shi a inuwa har maganin ya bushe. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro ya kama ni a wurin. In gonar ta lalace fa, aganar kuma ba ta zo ba? Ni ne zan zama wanda ya zo daga gari ya kashe wa gidan yayansa damina.

Lambar ta kama shi da kyau. Dantsen ya tashi, jiki ya yi zafi, ya so ya fito da hannu ɗaya Dije ta tare ƙofa. Ni kuwa ina gona. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, bayana ya ƙage, kuma rabin abin da nake sarewa hatsi ne. Masu wucewa suna tsayawa kallon Mushe, malamin lakwal, yana noma. Abokinka Maizama ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce ba zai iya gani ana yi wa gonar Gado yankan rago a gabansa ba. Ya ƙwace hauyar, ya sa ni tsince ciyawa a bayansa kamar ɗan yaye. Da yamma ƴaƴansa suka shigo.

Daga nan abin ya canza, ba kuma dabarata ba ce. Maizama ya ce tunda ƴaƴansa sun noma wa Tankari, in Tankari ya miƙe sai ya riƙe musu tasu, su ma su je a yi musu ta gaskiya. Maƙwabta suka ga haka suka bi, wasu wannan kasuwa wasu ta gaba.

Ba kowa ba. Wanda ba shi da gona, ba shi da abin da zai rama wa wani da shi. Namata, wanda suke ƙodago kafaɗa da kafaɗa da Tankari, shi da ƙanensa lemu suka ci gaba da gogawa. Agana ta kama su duka biyu. Namata ya tashi da ido ɗaya, ƙanen bai tashi ba. Tankari ne ya yi ta kai musu kunu a bukkar da aka ware su bayan gari, da shi aka rufe yaron. Na hana shi, ya ce ba ni na ce masa lamba tana tsarewa ba? Kullum da safe ina duba goshinsa, ina nuna kamar gaisuwa ce ta kawo ni. Ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Har yanzu ina tambayar kaina ko da na auno wa Namata ma da abin bai kai haka ba. Ban sani ba, kuma a lokacin ban ko yi tunaninsa ba.

Akwai maganar da ban taɓa yi maka ba. Ranar da aka zo ɗaukar yaro ɗaya daga gidanmu zuwa lakwal, ni aka bayar domin kai ka riga ka iya hauya. Inna ta yi kuka, kowa ya ce ni aka zalunta. Duk shekarun da na yi a kan benci, hatsin gonarka ake aiko mini. Na sani, amma sai bana na san nauyinsa. Tsakanin wa da ƙane ba a saba godiya ba, shi ya sa na yi shiru. Na gode, Yaya.

Na dawo bakin aiki, lakwal ta kusa buɗewa. Damina ta yi dama-dama, hatsi ya fitar da kai, Maizama ya ce in ruwa ya ƙara sauka sau ɗaya rumbunka zai ga abin da bai gani ba bara. Jiya Tankari ya zo da kansa a kan jaki, ya kawo mini zangarnun sabon gero in gasa tumu. Ya rantse daga ɓangaren da na nome ya karyo su. Ban yarda ba, sun yi girma da yawa, amma na ci.

Ka huta, gidanka yana tsaye. Allah ya gafarta maka, ya haɗa mu a inda babu yunwa.

Ƙanenka, wanda aka kai lakwal