Sunan da Gwaggo Talatu ba ta faɗa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki kamar yadda na saba, duk da na san babu mai kai miki wannan wasiƙa, ba kuma za ki karanta ta ba. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki. Hankalina ne a tashe, na duba gidan nan kaf ban ga wanda zan gaya wa ba sai ke.

Na sauka lafiya, Inna. Mace ce, an mayar mata da sunanki, muna ce mata Ummi. A ɗakinki nake wankan jego. Baba yana nan ƙalau, sai dai ya rage magana. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa ce ta ba mu kunya.

Matan unguwa da kike koya wa Turanci bayan la'asar ba su watse ba. Suna zuwa su shimfiɗa tabarma su zuba mini ido, dole na karɓi aikinki. Hanyarki nake bi, ba allo ba littafi. In ɗaga ludayi su faɗi sunansa, in ɗaga tsintsiya su faɗa. Yau ni ce mai sayar da tikiti a tasha, gobe ni ce malamar asibiti. Haƙurinki ne ban gada ba. Ke mace za ta yi kuskure sau nawa ki yi dariya, ni kuwa tun a na biyu na fara haɗe rai.

Kin tuna Gwaggo Talatu, maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, wadda ke zama can baya kusa da randa? Ɗanta na fari, Haruna, ya bi motar shanu zuwa kudu, suka yi hatsari. Wani abokin tafiyarsa ya bugo waya ya ce an kwashe su zuwa wani babban asibiti, ya faɗi sunan asibitin, Haruna ba ya magana, babu kuma wata takarda a jikinsa. Daga nan wayar mutumin ta daina shiga. Kin san mijinta ya rasu, ƙannen Haruna ba su kai ko'ina ba. Ta ce ita za ta je. Wani direba ɗan Zango ya yarda ya sauke ta a ƙofar asibitin, amma yana da kaya a mota, ba zai tsaya ba. Ko za ta sami mai jin Hausa a ciki, Allah ne masani. Da ba jego nake ba, ai da tare za mu tafi.

Kafin ranar tafiyar, kullum tana ɗakina. Gaisuwar Turanci ta zauna mata. Ta iya cewa daga Daura take, ta iya roƙon a yi magana a hankali, ta iya tambayar ɗakin da aka kwantar da maza. Ta iya cewa ɗanta take nema. Amma da na zama malamar asibiti na tambaye ta sunan ɗan, sai ta sunkuyar da kai ta kama wasa da bakin zane. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yaron nan take cewa, ko wancan. Har ƙanenta mai suna irin nasa ta sauya wa suna.

Inna, yaya za a yi a nemo mata yaron nan a cikin ɗaruruwan marasa lafiya? Wa ya san kunyar ɗan fari a can? Na ce zan rubuta mata a takarda, na kuma rubuta. Amma ke kika koya mana cewa takarda tana jiƙewa, tana ɓata, wani ma ba zai tsaya ya duba ba, abin da ke bakinka shi ne naka. Na lallashe ta, na yi fushi, har na ɗaga mata murya, mace sa'arki. Hawaye kawai ta share ta tashi.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ni ma ta fari ce, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Duk da haka, in kina koya wa mata yadda ake faɗin sunan 'ya'ya, nakan laɓe a bakin madafa ina jira. Kullum da sunan Bilki ƙanwata kike misali. Yana yi mini ciwo, Inna, ban dai nuna ba.

Yau da safe Gwaggo ta shigo sallama da ƙullin kayanta. Ta ce ta tuna wata dabara taki. Wai ranar da ba na gida, kin juya wa mata baya, kin fuskanci bango, kin faɗa musu da Turanci cewa sunan 'yarki ta fari Rakiya. Kin maimaita har sai da kowacce ta iya. Kika ce kada wadda ta gaya mini.

Sai ita ma ta juya ta fuskanci bangon ɗakinki. Ta faɗi jimlar da Turanci tun daga farko, ta kai ƙarshe, ta ce Haruna. Ba ta waiwayo ba ta ɗauki ƙullinta ta fita.

Yanzu suna hanya. Wayata na kan cinyata, da ta yi motsi gabana ya faɗi. Ban sani ba ko zai ji ta in ta kira shi. Ban sani ba ko a can za ta sami bangon da za ta fuskanta. Addu'ata Allah Ya sa ya ji da kunnensa, kada ya ji a bakin wasu kamar ni.

Ummi ta farka tana kuka, bari in ɗauke ta. Sai mun zo, Inna. Allah Ya haɗa mu a Aljanna.

Taki ta fari,
Rakiya