Rigar da Baba Ya Sa a Ɗinka

Talata, 4 ga wata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara, da aikin asibiti.

Zan faɗa miki abin a jere, yadda na rubuta shi a littafina, don kada in ƙara ko in rage. Jiya da hantsi Baba ya sa aka kawo shi shagona. Ya ce in ɗinka masa farar doguwar riga wadda za a binne shi da ita. Wannan bai ba ni mamaki ba, duk mun ji abin da likita ya ce. Awon ne ya tsaya mini a rai.

Kin san tun da ya faɗo daga saman gini bayansa ya tanƙware, shekara goma sha tara ke nan ina yanka masa riga da dabara: in ƙara wa baya inci bakwai, in rage gaba don kada ya taka. To, ina ɗauko tef sai ya doke mini hannu. Ya ce, "Nemo awona na kafin faɗuwa a tsohon littafinka. Gaba da baya daidai nake so."

Na ce, "Baba, ba za ta zauna maka ba."

Ya ce, "Wa ya ce maka ta wannan jikin ce? Kai da kake waƙa a coci, ba ka jin abin da bakinka yake faɗa? Wanda ya tashi daga kabari ba zai tashe ni a duƙe ba."

Na samo awon, na shata yadin da alli, amma na kasa sa almakashi. Ke ce babba. Bangaskiya ce wannan, ko kuwa zan sa a yi wa gawar ubanmu dariya?

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Na gaishe ka. Muna lafiya. Ka gaida Baba da Gwaggo.

Kai dai har yau ko ruwa za ka sha sai ka rubuta. Saurara. Shekara ashirin ina shirya gawa a asibiti, ban taɓa ganin ƙashin da ya miƙe don an yi masa waƙa ba. Coci uku Baba ya gina, a na huɗun ya faɗo. Ladan ke nan? In akwai shi, me ya hana a ɗanɗana masa tun a nan?

Kada ka yanka yadin. In lokacin ya yi zan zo da rigar da ta dace da jikinsa, kuma ni zan shirya shi. Ba zan bari ya kwanta cikin buhu ba.

Sai na zo.
Yayarka

*

Litinin, 17 ga wata

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri, na saɓa miki. Sau uku ina karanta wasiƙarki, amma ranar Alhamis na yanka yadin.

Jiya Lahadi Baba ya ce da rigar zai je coci. Na ce ai ta binnewa ce. Ya ce, "Tela, ka taɓa sallamar riga ba a gwada ba?"

Haka muka shiga, gaban rigar yana jan ƙasa, Gwaggo tana tattare masa kamar mai rakiyar amarya. Ni kam kaina a ƙasa. Abokinsa tsohon direba ya ɗaga murya, "Magini, rigar wa ka aro?"

Baba ya ce, "Tawa ce. Ni ne ban kai ta ba tukuna."

Da dariya ta lafa, sai ya nemi izinin magana. Ga abin da ya ce, na rubuta tun a kan benci: "Shekara goma sha tara ban san kowa a cocin nan ba sai ta takalminsa. Fasto, naka na hagu yana neman gyara. Amma ranar tashin matattu zan miƙe in dube ku ido da ido, sannan in ɗaga kai in ga fuskar Ubangijina. Ladana ke nan, kuma wanda ya ce ya yi kaɗan bai taɓa rayuwa a duƙe ba."

Ban san wa ya fara waƙar ba, Yaya. Na dai ga mutane a tsaye, masu dariyar ɗazu suna share hawaye, Baba yana buga sanda a ƙasa yana bin kiɗan. Yau kuwa jikinsa ya tsananta, ko ruwa ba ya wuce masa. Ki taho.

Ƙaninki, Auta

*

Asabar, 29 ga wata

Yaya,

Ina fata kin isa lafiya. Ubangiji ya ƙara mana ta'aziyya.

Tambaya ɗaya ce. Na kasa shiga ɗakin da kika shirya Baba, kuma da kuka fito an riga an rufe akwatin. Na ga kin shiga da riga biyu. Har kika hau mota ina juya maganar a bakina. Wacce kika sa masa? In taki ce, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Na iso lafiya. Ya ƙarin haƙuri?

Tawa na fara ɗauka, ta zauna masa cif. Na dube shi a ciki, sai na ji ba zan iya sallamarsa haka ba. Na cire, na sa masa taka. Gwaggo ta miƙo allura a kalmasa bakin, na ce ta mayar.

Daga inda ƙafarsa ta tsaya zuwa bakin rigar, taƙi guda ne da yatsu uku. Ashe haka Baba yake da tsayi. Na manta, Auta. Ina so in gan shi a tsaye.

Ka sa ni cikin addu'a.
Yayarka