Farin Gari a Bakin Injin Markaɗe

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan da yaran, ya kuma ciwon gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi. Na san labari zai riga takardar nan isa, don haka gara ki ji daga bakina. Na fasa wa mai injin markaɗen layinmu baki, na kwana tara a hannun 'yan sanda, jiya aka yi belina.

Kafin ki fara salati, ki saurare ni. Kin san tun da aka yaye takwararki take fama da ƙuraje da amai. Wata huɗu da suka wuce uwarta ta dama mata madarar gari, kurɓa biyu ta yi leɓenta ya kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Likita ta ce jikinta ne ba ya shiri da madarar shanu, kuma wata rana maƙogwaron zai iya toshewa gaba ɗaya. Ki ji ikon Allah, ni da nake dakon buhunan madara a sito daga safe har yamma, 'yata ce madara ke nema ta kashe.

Na yi tambaya a kan nonon akuya, likita ta ce ɗan'uwan na saniya ne, kada mu kuskura. Madarar kwakwa da ta shinkafa kuwa daɗin baki ne kawai, ba za su gina jikin 'yar shekara uku ba. Muka tsaya a kan ta waken suya, aka haɗa mana da maganin ƙarfin ƙashi. Kullum uwarta sai ta jiƙa wake, ta murje ɓawon, ta kai markaɗe, ta tace, ta dafa. Ni kuma na kwashe gwangwanaye da biskit na zubar, na bi maƙwabta gida gida na ce wanda ya ba ta ko alewa ni da shi ne. Matar gidan gaba ta daina gaishe ni, ta huta na huta.

Duk da haka sau uku abin yana dawowa, kuma kullum da yamma wajen lokacin da take shan kofinta. A na ukun har idanunta suka kafe. Washegari na ƙwace bokitin waken na kai markaɗen da kaina, na leƙa bakin injin, sai ga farin gari ya daskare a gefe. Na tambayi mutumin mene ne wannan. Ya yi dariya, ya ce in koma gida in bar wa mata aikinsu.

Yaya, kin san zuciyata, ke kika sha raba ni da mutane. Ƙarfen da yake tayar da inji da shi yana jingine kusa da ƙafata. Na maka masa a muƙamuƙi, na ji ƙara kamar an taka busasshen ice. Ya faɗi yana kārewa da hannu, na ƙara masa a hannun. Jini ya fantsama cikin bokitin wata baiwar Allah, haƙoransa biyu suka faɗa cikin ruwan markaɗe. Sai da wani ya rotsa min benci a gadon baya sannan mutum huɗu suka danne ni.

Tun da aka rufe injin uwarta ta ari blanda take markaɗawa a gida, kuma duk kwana taran nan yarinya ko tari ba ta yi ba. To ki gaya min mai laifi. Ban yi nadama ba, kada ki ɓata tawadarki.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Autan Inna


Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Takardarki ta iso da duk zagin da ke cikinta. Kin yi min da sauƙi.

Daga asibiti nake rubuto miki. Ran Litinin na koma aiki, buhu ya yage a kafaɗata, abin da yakan faru lokaci zuwa lokaci. Na karkaɗe rigata, na wanke hannu, na nufi gida. Takwararki ta rugo da gudu, na ɗaga ta sama, ta cusa fuskarta cikin gemuna yadda ta saba. Ko kofinta ba a zuba mata ba tukuna. Kafin in sauke ta leɓenta ya fara tashi, ta kama wuyanta da hannu biyu tana kallona.

Ba takalmi na fita. Na tsaya a tsakiyar titi gaban wata mota, na yi ta naushin gilashinta har mai ita ya buɗe mana. A bakin asibiti mai gadi ya ce mu bi layi, na hankaɗe shi ya bugu da ƙofa. Aka soka mata allura a cinya, aka ɗora mata abin numfashi. Na tsaya ina ƙirga motsin ƙirjinta.

Da ta farfaɗo likita ta kira mu, ta tambayi me ta ci, muka ce ba komai. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambayi sana'ata. Sannan ta miƙo min baƙin bangon fayil ta ce in sosa gemuna a kai. Yaya, farin gari ne ya zubo. Uwarta ta tuna cewa duk sau ukun nan da fararen kafaɗu na dawo gida. A nan gaban likita uwar ta ɗaga fulas ɗin yarinya ta kwaɗa min a goshi, ta ce garin masara ne a bakin injin, ita ma ta sha ganinsa, da na tambaye ta da ta faɗa min. Ban ɗaga hannu ba. Na shiga banɗakin asibiti da reza na aske gemun ba sabulu, har haɓata ta yi jini.

Kwana taran da yarinya ta samu lafiya, rashina ne ya ba ta. Ki yi min addu'a, ina jin kunyar kaina.

Ƙaninki


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe rubutun, haƙarƙarina ne ba ya barin in zauna daidai.

Na je gidan mai inji. Ƙannensa uku na tarar a ƙofa, ban gama sallama ba babban ya zabga min sarƙar babur a wuya. Na faɗi, na harɗe hannuwana a baya don kada zuciya ta ci ni in rama. Suka yi ta tattaka ni har na daina jin zafi, ina dai jin gishirin jini a baki. Sai ga mai injin ya fito, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, hannu cikin filasta. Ya buga ƙofa suka tsaya. Ta tsakanin haƙora ya ce kada su karya min hannu, domin injinsa yana neman mai tayar da shi, shi kuwa likita ya ce da wuya yatsunsa su ƙara damƙar ƙarfe.

Na bar sito. Yanzu ni ne nake markaɗen, shi yana zaune a benci yana zuƙar madarar waken suya da tsinken roba, wadda uwar takwararki take aika masa tunda ba ya iya tauna. Bai taɓa kallon fuskata ba, bai ce ya yafe ba, maganar kotu ma tana nan.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ya sa na rubuto daban ne. Takwararki ta warke sarai, har kumatu ta yi. Na ƙone tsofaffin kayan aikina, ina wanka kafin in shiga ɗaki, likita ta ce babu sauran abin tsoro a jikina. Amma da ta ji sallamata sai ta shige bayan uwarta. Shekaranjiya na miƙa hannu zan ɗauke ta, ta gantsara min cizo, ta kurma ihu, ta shige ƙarƙashin gado. Uwarta ta lallashe ta ta tambayi dalili, ta ce wai Baba ne yake shaƙe ta.

Don Allah ki zo, ko na mako ɗaya ne. Tana jin maganarki fiye da ta kowa. Ki gaya mata abin da ni ban san yadda zan faɗa ba. Yau kwana ashirin da shida ban ɗauki 'yata ba.

Ki gaida maigidan da yaran. Na gode, sai na gan ki.

Ƙaninki mai jiran zuwanki,
Auta