Sojan da Ke Dafe Idon Hagu

Mogpog,
Talata, Mako Mai Tsarki kafin Ista.

Zuwa ga Tatay,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, mahaifina. Ina fatan kana lafiya, kai da kawuna Tiyo Berting, kuma hayaƙin gashin kwakwa bai tayar maka da tarin nan ba. Nanay, mahaifiyata, lafiya lau. Kakata Lola ma da sauƙi, ƙafar ce dai, bakin kuwa yana nan daram.

Tatay, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk shekara in ka hau tudu zuwa gonar Tiyo a wannan mako, nakan rubuta maka wasiƙa, in ninke, in cusa cikin littafin soyayyar da nake karantawa. Ban taɓa ba ka ko ɗaya ba. In kana gabana harshena nauyi yake yi, a takarda kuwa na fi Lola surutu. Wannan ma can za ta kwana, don haka bari in saki jiki.

'Yan fim ɗin Manila sun iso. Labarin Longino suke yi, sojan nan mai ido ɗaya da ya soki Yesu da mashi, jinin ya ɗiga masa, idon ya buɗe. Amma da waƙa ake yin komai. Ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. An ɗauke ni cikin matan Urushalima. Abin mamaki, an riga an rera waƙoƙin tun a Manila, lasifika ke yi, mu namu motsa baki. Na tambayi Kuya Nestor, mai ɗaukar sauti, to me yake ɗauka tunda ba mu rera komai? Ya ce, "Takun sawu, numfashi, da tsegumin ƙawarki Cherrylyn."

Jarumin fim ɗin fuskar roba aka yi masa, duk da haka yana kukan zafi. Lola ta ce da zai sa ta katako irin ta sojojinmu na bakance, wato mutanen garin nan da ke rufe fuska su yi shigar sojojin zamanin Yesu a wannan mako don cika alkawarin da suka yi wa Ubangiji, ya yi yini a rana, da tuni an kai shi asibiti da lema. Su ma an sa su a fim ɗin, suna jeruwa a baya da takubbansu.

To a cikinsu akwai wani. Fuskarsa tsohuwa ce, fentin gemun ya kwaile. Bai iya taka rawar ba ko kaɗan, in an yi dama shi hagu yake yi. Amma duk sanda aka zo baitin da idon Longino ke buɗewa, sai ya tsaya cak, ya ɗora hannu a kan idon hagu na katakon. Ba wanda ya sa shi. An maimaita wurin har na gaji da lissafi, bai fasa ba. Direk Amparo, wadda ke jagorantar fim ɗin, ta gani a kyamara ta rikice. So take ya cire fuskar a ƙarshen waƙar, a ɗauki ainihin idonsa. Shi kuwa da an tashi sai ya sulale ta bayan kasuwa.

Ta ce da ni, "Ke 'yar gari ce, kuma na ga idonki ba ya zama wuri ɗaya. Nemo min shi, in ba ki baiti guda ki rera da muryarki."

Da muryata, Tatay, ba motsa baki ba.

Na faɗa wa Lola, ta ajiye suman ɗin da take naɗewa, dafaffiyar shinkafar nan ta cikin ganye, ta harare ni. Ta ce mai bakance tsakaninsa da Ubangiji ne, ko matarsa wani lokaci ba ta sani ba, in aka tona fuskarsa kafin shekarunsa bakwai su cika, wahalar da ya sha ta bi ruwa. Na sani. Amma me zai sa mutum ya dafe ido? A littattafaina irinsa yakan zama saurayi mai tabo a kunci da baƙin cikin da ba ya faɗa. Kada ka yi dariya: ina zargin Jerwin ne, ɗan mai gidan burodi. Tsayinsu ɗaya. Kuma in shi ne, ina son sanin don wa yake yi.

Ka gaida Tiyo. Ka riƙa shan ruwa.

'Yarka,
Luningning.

Mogpog,
Asabar, jajibirin Ista.

Zuwa ga Tatay,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya gajiya? Yau da gaske nake tambayar gajiyar. Yaya kafaɗa, yaya tafin ƙafa?

Ba Jerwin ba ne. Ranar Laraba na gan shi yana sayar da burodin pandesal a bakin taro, ga sojan kuwa can tsaye a layi. Cherrylyn ta ce, "Ayya, jarumin littafi ya koma mai burodi." Na ji kunya, amma son sanin bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ranar Alhamis Kuya Nestor ya yafito ni. Yana da makirufo mai gashi kamar kyanwa a kan dogon gora. Ya ce wani a cikin sojojin nan yana ɓata masa aiki, yana gunguni a cikin katako, kuma ba waƙar fim ɗin yake bi ba. Ya ɗora min abin ji a kunne, ya karkata goran saitin sojan mai kwailallen gemu.

Na ji numfashi. Na ji ɗan tari. Sannan na ji gungunin.

Tatay, waƙar nan ce marar kai marar gindi da kake yi min ina shekara tara, sanda kake ɗiga min magani a idon hagu ina fizge-fizge. A wurin da kake sarƙewa, nan ya sarƙe. Na tuna likitan garin Boac yana cewa ku shirya, wataƙila idon ba zai dawo ba. Na tuna a shekarar ce ka fara zuwa "gonar Tiyo." Na lissafa a yatsu: bana ta bakwai.

Kuya Nestor ya ce, "Kin san shi?" Na ce sauti ne kawai na ji. Ya dube ni, ya ga hawaye, ya karɓi abinsa bai ƙara tambaya ba.

Jiya da aka tashi Direk ta tsare ni. Ka san ni da manya. Na ce mata ban samo shi ba, kuma na daina nema, kuma don Allah ita ma ta daina. Ta ce, "Baitin fa?" Na ce a ba Cherrylyn. Sai ta ce to za ta ɗauke shi a yadda yake, hannu a kan katako, wai wataƙila ma ya fi. Cherrylyn ta rera baitin yau da safe. Ta yi kyau. Na ɗan ji zafi, ba zan ɓoye ba.

Abu ɗaya ke damuna. Tunda na sani, na ɓata maka ne? Na tambayi Lola a kaikaice, wai wata ƙawata ce. Ta ce, "Gaya wa ƙawar taki kunne ba ya karya bakance, baki ke karyawa. Ta riƙe shi zuwa Lahadi." Sai ta ƙara min suman biyu ba tare da ta dube ni ba. Ashe kowa a gidan nan ya iya fim, ni kaɗai aka bari a baya.

Tambayoyina sun yi yawa. A ina kake ɓoye fuskar? Ta wace kafa kake gani? Tiyo Berting ya san shekara bakwai ke nan kana taya shi aikin da ba ka je ba? Kuma da kake wucewa ta gabana da takobi, ka gan ni ina leƙenka?

Gobe a wasan garinmu za a kama Longino, a sare masa kai a dandali, sojoji su tuɓe fuskokinsu. Da yamma za ka shigo gida ka ce kwakwar bana ba ta yi auki ba. Ba zan ce komai ba, ka san ba zan iya ba. Amma na zaro wasiƙun duka daga cikin littattafan, na haɗa da wannan. In ka zauna cire takalmi zan miƙa maka. Wurin Jerwin ka tsallake.

Na rubuta ta da idon dama a rufe, don in gwada. Ka ga layukan, ba wanda ya karkace.

'Yarka mai ƙaunarka,
Luningning.